Gidaje Sun Riga Famfo: Tarihin Ruwa a Nima da Maamobi

A birnin Akra na ƙasar Gana, wanda Hausawa tun zamanin fatauci suke kira Ankara, akwai unguwanni biyu maƙwabtan juna, Nima da Maamobi. Wata babbar kwata ce ta raba su, mutanen wurin kuwa suna ce mata Gota. Daga bakinta zuwa fadar shugaban ƙasa tafiyar ƙafa ce kaɗan. Duk da haka shekara da shekaru mazaunan unguwannin nan suna sayen ruwan sha jarka jarka, idan damina ta zo kuma ruwa ya bi su har cikin ɗaki. Mai karatu zai yi tambaya, yaya wuri ɗaya zai sha wahalar rashin ruwa da ta yawan ruwa gaba ɗaya? Amsar tana cikin tarihin yadda aka kafa unguwar, gama a Nima gidaje ne suka fara zuwa, famfo da kwata suka biyo baya.

Yadda Zango Ya Kafu

Goro ne ya fara kai Hausawa wannan ƙasa. Ayari yakan tashi daga Kano ko Katsina ya yi watanni a hanya kafin ya isa Salaga a ƙasar Gwanja. Bayan da Turawan Ingila suka ci Kumasi da yaƙi a 1874, suka kuma mai da hedkwatarsu Akra a 1877, sai ciniki ya fara karkata zuwa bakin teku. Yaƙin basasar Salaga na 1892 ya watsa fatake, da yawa suka gangaro kudu, aka shiga aika goro Legas ta jirgin ruwa. Inda baƙin nan suka sauka shi ne zango, wanda mutanen Gana suke furtawa Zongo. Zangon farko yana cikin tsohon gari. Da ya cika, bayan annobar da ta auka wa Akra a 1908, Malam Baƙo ya fita da jama'arsa ya kafa Sabon Zango.

Nima ta zo daga baya. A 1931 wani Bafillace mai fataucin shanu, Malam Amadu Futa, ya sami izini daga gidan Odoi Kwao, mutanen kabilar Ga masu ƙasar, ya zauna a wani fili arewa da gari inda shanu za su huta kafin a kai su kasuwa. Wasu sun ce sunan daga kalmar ni'ima ya fito, wasu kuma sun ce daga harshen Ga ne. Duk baƙon da ya zo, sai a nuna masa wuri ya kafa ɗakinsa, yana biyan ɗan abin da aka yanka masa.

Yaƙin Duniya na Biyu ya sāke wurin sarai. Sojojin Amurka sun kafa sansani a filin jirgin sama na Akra, wanda ba shi da nisa da Nima. Ana neman lebura, da kuku, da masu gadi, da masu wanki. Mutane suka yi ta zuwa daga arewacin ƙasar, da Nijeriya, da Nijar, da Togo, da ƙasar Mosi, da Mali ta yanzu. Da aka gama yaƙi, sojojin da aka sallama suka ƙaru a kansu. Hausa ta zama harshen da ya haɗa su duka, Musulmi da Kirista, har wa yau kuwa ita ce harshen kasuwar Nima.

Filin da Ba a Auna Ba

Ga inda matsalar ta samo asali. A duk shekarun nan Nima tana bayan iyakar hukumar gari. Sai a farkon shekarun 1950 aka shigar da ita. Saboda haka babu safiyo da ya zo ya auna fili, ba a bar wurin hanya ba, ba a bar wurin kwata ba, ba a kuma bar wurin salga ba. Mai gida yakan gina ɗakuna kewaye da tsakar gida, in ya sami kuɗi ya ƙara ɗaki, gama kowane ɗaki kuɗin haya ne. Wanda ya cinye filin da ke gabansa da gini ya ƙaru, wanda ya bar shi don hanya ya yi hasara. Kowa ya yi abin da ya fi masa amfani, har lunguna suka zama mutum biyu ba sa iya wucewa kafaɗa da kafaɗa.

Famfo kuwa ya riga ya iso Akra tun 1914, daga Weija a kan kogin Densu. Daga baya aka jawo wani daga Kpong a kan kogin Volta. Amma bututun ruwa hanya yake bi. A unguwar da aka auna, ana haƙa rami a gefen titi tun ba a yi gini ba, aikin ba tsada. A unguwar da ta riga ta cika, kafin a shimfiɗa babban bututu sai an rushe ɗakin wani, an biya shi diyya, an nema masa wurin zama. Sau da yawa kuɗin diyyar yakan fi kuɗin bututun. Hausawa sun ce icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.

Hukuma ta ga kamar maganin abin shi ne a rushe unguwar duka a sāke ta. Tsarin birnin Akra na 1958 ya sa Nima cikin wuraren da za a sāke ginawa. Ba a rushe ba, ba a kuma janye maganar ba. Wannan ya jawo wata ɓarna, domin mutumin da yake jin gobe za a rushe gidansa ba zai zuba kuɗinsa a siminti da bututu ba. Dokar korar baƙi ta gwamnatin Busia, ta watan Nuwamba 1969, wadda ta ba marasa takarda mako biyu su bar ƙasar, ta ƙara wa mutane rashin kwanciyar rai. Masu gidaje da yawa suka sayar da arha suka tafi.

Duk da haka ba a zauna hannu rungume ba. A ƙarshen shekarun 1960 ɗaliban Jami'ar Gana da ke Legon suka haɗa kai da mutanen unguwa cikin wata ƙungiyar aikin gayya mai suna Operation Help Nima. Ra'ayinsu shi ne a gyara unguwa da mutanenta a ciki. A shekarun 1970 gwamnatin soja ta fasa babban titi ta tsakiyar Nima, aka kwashe wasu daga cikin waɗanda aka rushe wa gidaje zuwa Madina. Titin ya kawo mota, da babban bututu, da kasuwanci. Amma wanda yake can cikin lungu, nesa da titi, bai ga canji mai yawa ba.

Kuɗin Ruwan Talaka

Inda hukuma ba ta kai ba, 'yan unguwa sukan cike gurbin, amma da kuɗi. Wani Bature mai nazarin zaman jama'a, Keith Hart, ya zauna a Nima tsakanin 1965 da 1968 cikin Farafara, mutanen arewacin Gana. Ya ga mutane da yawa waɗanda a takardar gwamnati ba su da aikin yi, alhali kuwa daga asuba zuwa dare suna cikin sana'a: dako, da gyaran kaya, da talla, da ba da rance. Abin da ya rubuta a kan haka, wanda aka buga a 1973, shi ne ya ba duniya sunan da ake kiran irin wannan tattalin arziki na bayan littafin hukuma. Yau masana a ko'ina suna amfani da sunan, ba kowa ya san daga Nima ya fito ba.

Cinikin ruwa yana cikin irin waɗannan sana'o'i. Wanda gidansa yake kusa da babban bututu yakan jawo famfo, ya gina tanki, ya riƙa sayar wa maƙwabta. Wasu kuma sukan jawo siririn bututun roba daga titi, ya bi lungu lungu, wani wuri a bisa ƙasa, wani wuri ta cikin kwata, gama nan ne kaɗai sarari ya rage.

Abu uku suke sa ruwan talaka ya fi na mai arziki tsada. Na fari, mai sayarwa yakan biya kamfanin ruwa, ya ɗora kuɗin tanki da ribarsa. Na biyu, tsarin kuɗin mita ya sa ma'aunin farko arha, sa'an nan farashi ya hau. An yi haka don a taimaki talaka, amma gidan haya mai iyali goma a kan mita ɗaya yakan wuce ma'aunin arha nan da nan, sai a caje shi kamar gidan attajiri. Na uku shi ne ɗauka. Lita ɗaya ta ruwa kilo ɗaya ce. Gidan mutum biyar, in kowa zai sami lita 20 a yini, sai an ɗauko kilo 100 kowace rana, yawanci kuwa mata da yara ne suke ɗauka. A zamanin Shugaba Kufuor, daga 2001 zuwa 2009, ƙarancin ruwa ya yi tsanani har aka laƙaba wa jarkar nan rawaya sunansa.

Akwai kuma hatsarin da ido ba ya gani. Muddin bututu yana cike da ruwa mai ƙarfi, in ya huje waje yake tsiyaya. Amma da an ɗauke ruwa, ƙarfin ya faɗi, sai bututun ya tsotsi abin da ke kewaye da shi. Idan cikin kwata yake kwance, ruwan kwata zai tsotsa. Ta irin wannan hanya cutar amai da gudawa take samun ƙofa. Kwalara ta fara shiga Gana a 1970. A 2014 ta kama mutum fiye da 28,000 a ƙasar, ta kashe fiye da 200, Akra ce kuwa ta fi shan wahala. Ƙarancin bayan gida ya ƙara tsananta abin. Shekaru da yawa gidaje suna amfani da bokitin da ake kwashewa da dare, sauran jama'a kuma suna bin layi a bayan gidan kuɗi. Kotun Ƙoli ta ba da umarni a 2008 a daina amfani da bokitin a Akra.

Tsoron ruwan famfo ya buɗe wata kasuwa. Daga ƙarshen shekarun 1990 ruwan leda, wato fiya wata, ya maye gurbin ruwan sanyi da ake sayarwa a kofi. Ya rage cuta. Amma kowace leda rabin lita ce, wanda ya sha kuma ya yar, ƙarshenta kwata.

Inda Ruwa Yake Komawa

Akra ba garin yawan ruwan sama ba ne. Abin da take samu a shekara bai kai milimita 900 ba, kusan daidai da na Kano. Sai dai yakan sauko da ƙarfi cikin 'yan sa'o'i, musamman a watan Yuni. Ga lissafi mai sauƙi. In aka yi ruwa na milimita 50 a kan rufin kwano mai faɗin mita 10 da tsawon mita 10, lita 5,000 ke nan, wato jarka 250. Sa'ad da Nima take makiyayar shanun Malam Futa, ƙasa da ciyawa suna shanye yawancin wannan ruwa. Yanzu kwano ne a sama, siminti a ƙasa, sai ruwan dubban gidaje ya taru a Gota cikin ɗan lokaci.

Gota da ma rafi ce. Tana gangarawa ta haɗu da kogin Odaw wajen shataletalen Kwame Nkrumah, daga nan zuwa tafkin Korle, sa'an nan teku. An yi wa sassanta siminti domin ruwa ya wuce da sauri. Amma ruwan da ya bar Nima da sauri, da sauri yake isa wurin waɗanda suke ƙasa. Gidan da motar shara ba ta iya shiga lungunsa kuma, kwata ce jujinsa. Yashi da leda sukan cika hanyar ruwa, sai ya nemi wata.

An yi babbar ambaliya a Akra a watan Yuli 1995, da 2001, da 2011. Mafi muni ita ce ta daren 3 ga Yuni 2015. Ruwa ya mamaye shataletalen Nkrumah, mutane suka fake a wani gidan mai, fetur ya malala a kan ruwan, wuta ta kama. Mutum fiye da 150 suka rasu. Bayan wannan, a 2019, Bankin Duniya ya amince da dala miliyan 200 domin aikin kwarin Odaw, Nima kuwa tana cikin unguwannin da aka zaɓa a yi musu kwatoci da hanyoyin lungu. Wannan karon an nufa a gyara ba tare da an kori jama'a ba, abin da ɗaliban Legon suka nema shekara hamsin kafin nan.

Abin Koyo

Mutanen Nima sun gina gari da hannunsu, ba tare da rancen banki ko taimakon hukuma ba, suka ba dubban baƙi masauki. Abin da mutum ɗaya ba ya iya yi shi kaɗai, wato hanya, da kwata, da babban bututu, shi ne ya rage, jikokinsu kuma suna biyan kuɗinsa har yau a bakin famfo da asibiti. A gefen Kano, da Kaduna, da Jos, da Maraɗi, ana yanka gonaki ana sayar da fuloti kamar yadda aka yi a Nima a 1931. Ranar da ake rabon fili, barin mita goma don hanya bai wuce yarjejeniya tsakanin mai gona, da mai unguwa, da masu saye ba. Bayan shekara talatin, mita goman nan sai da rushe ɗakuna, da diyya, da shari'a. Dattawan unguwa, da shugabannin ikkilisiya da na masallaci, waɗanda ake kira su shaida cinikin fili, su ne suke da bakin tambaya tun a ranar: ta ina ruwa zai shigo, ta ina kuma zai fita?