Jikin Peugeot 404 a Matsayin Shaidar Tarihi: Misalin Jahar Maraɗi

Wannan ɗan nazari ya shafi gyaran tsofaffin motoci a kan babbar hanya mai lamba 1, wadda ta ratsa Gidan Rumji, Maraɗi, Agye da Gazawa.

Peugeot 404 ta fito a Faransa a 1960, kuma a 1975 aka fara haɗa Peugeot a Kaduna. Akori-kurarta ta daɗe tana jigilar gero, wake da fatake tsakanin kasuwannin karkara. Da aka karya darajar CFA a Janairun 1994, faran ɗaya na Faransa ya tashi daga CFA 50 zuwa 100, kayan gyara suka yi tsada. Sai aka ƙara dogara ga masu walda, waɗanda ke yanke inda tsatsa ta ci su yi faci, da maɗinka masu sake wa kujeru soso da leda.

A Turai, burin mai gyara shi ne mota ta koma yadda ta fito daga masana'anta. Ga ɗalibin tarihi kuwa, facin nan shi ne shaida, domin yana nuna lokacin tsada da dabarar masu sana'a. Saboda haka ya kamata a ɗauki hotunan waɗannan motoci, a tattauna da tsofaffin makanikai, kafin ƴan gwangwan su saye su a kilo.