Labarin Zuciya a Gwandu

A shekarar 1807, lokacin da rundunar jihadi ta nufi Alƙalawa, Malam Abdullahi ɗan Fodiyo ya sulale daga cikinta da 'yan rakiya kaɗan, ya yi gabas da niyyar Makka. Tura ba ta kai bango a fagen fama ba. Abin da ya kore shi halin mutanensa ne, domin ya ga waɗanda suka fito don gyara addini sun koma tara dawakai da ƙwaraƙwarai da manyan riguna, kuma ya ji tsoron kada shi ma ya faɗa ciki. Mutanen Kano suka tsayar da shi, ya karantar da tafsiri, ya rubuta musu Liya'ul Hukkam kan yadda ake riƙe mulki, sannan ya komo gida. Daga baya ya bayyana wannan damuwa a Tazyinul Waraƙat, a 1813. Wannan shi ne gadon ƙasar Gwandu, kuma ina ganin darajarsa tana wuri guda: Abdullahi bai yarda binciken kai ya tsaya a cikin ƙirji ba. Wanda ya ce zuciyarsa fara ce, sai a duba yadda yake raba ganima, da wanda ya naɗa alƙali, da abin da ya karɓa daga hannun talaka.

Kiristoci ma sun daɗe da wannan al'ada, kuma sun bi da ita ta hanya mai kama da wannan. Manzo Bulus ya umarci mutanen Koranti kowa ya auna kansa kafin cin jibin Ubangiji, amma laifin da ya jawo umarnin a fili yake: masu hali suna ƙoshi a wurin taro, matalauta suna komawa da yunwa. John Wesley da abokansa a Oxford, daga 1729, sukan yi wa kansu tambayoyi kullum, kana su tafi gidan yari su duba fursunoni. Da Littafi Mai Tsarki ya fito cikakke da Hausa a 1932, Hausawan Wusasa da ke kusa da Zariya suka karanta wasiƙar Bulus da harshen da tuni yake cewa labarin zuciya a tambayi fuska.

Wani zai ce ai wannan ma'auni ne mai saurin yaudara, tunda Allah kaɗai ya san zuciya, mai riya kuwa ya fi kowa iya gyara zahiri. Ƙorafin yana da ƙarfi, kuma malaman ɓangarorin biyu sun yi ta kashedi game da ibadar ganin ido. Sai dai ayyukan da Abdullahi ya sa ido a kansu ba irin na nunawa ba ne. Doguwar tasbaha da babban rawani ba su da tsada, amma ƙin karɓar gaisuwa daga mai ƙara yana rage wa alƙali abin aljihu. Abdullahi kansa an gwada shi da irin wannan. Da wansa Shehu ya rasu a 1817 aka yi wa ɗan Shehun, Muhammadu Bello, mubaya'a, Abdullahi ya iso Sakkwato ya tarar an rufe masa ƙofa, ya juya Gwandu bai ɗaga takobi ba. Bayan Bello ya kawo masa ɗauki a yaƙin Kalambaina, baffan ya miƙa wa ɗan wansa hannu ya yi mubaya'a, ya ci gaba da karantarwa da rubutu a Gwandu har rasuwarsa a 1829.