Daga Iwama zuwa Daura: makarantar da ake fara koyon faɗuwa

 Yau tarihi za mu taɓa, kuma wani ƙanena ne ya jawo maganar. Ya nuna min bidiyo a waya, wani tsoho ɗan Japan mai farin gemu yana watsar da ƙarti ɗaya bayan ɗaya, ya ce, "Yaya, wannan ai tsafi ne." Na ce masa a'a, sunan abin aikido, kuma a makaranta ake koyonsa.

Tsohon nan shi ne Morihei Ueshiba. An haife shi a garin Tanabe a 1883, ya rasu a 1969. A 1915, a tsibirin Hokkaido, ya haɗu da malaminsa Takeda Sokaku, wanda ya koya masa dabarun murɗe gaɓɓai da kayar da mutum. Faɗa ne na gaske, na karya hannu. Ueshiba ya buɗe makarantarsa a Tokyo a 1931, har sojoji ya koyar. Amma a 1942, ana tsakiyar Yaƙin Duniya na Biyu, sai ya tattara ya koma ƙauyen Iwama, yana noma yana koyarwa. A wannan shekarar ce sunan aikido ya tabbata. Bayan yaƙi ɗansa Kisshomaru ya riƙe makarantar Tokyo ya buɗe ta ga kowa, almajirai kuma suka bazu: Mochizuki ya je Faransa a 1951, Tohei ya je Hawaii a 1953.

To ga abin da ya tsaya min a rai. A babban reshen aikido babu gasa, babu kofi. Mutum biyu ne, ɗaya ya kawo hari ɗaya ya kauce ya bi da ƙarfin maharin har ya kai shi ƙasa, sai su yi musanya. Kuma darasin farko da ake ba sabon shiga shi ne yadda zai faɗi bai ji ciwo ba. Makonni yana mirginawa a kan katifa.

Yanzu ku dawo gida. Duk wanda ya tashi a ƙasar Daura, ko Zango ko Baure ko Mai'aduwa ko Sandamu, ya san filin dambe da na kokawa bayan kaka, in an gama girbi. Dambe asalinsa wasan mahauta ne, suna bin gari gari, makaɗa na zuga su da kalangu. A naɗe hannu ɗaya da ƙyalle da igiya, ɗayan a miƙa shi a matsayin garkuwa, a yi turmi uku. Hannunka ko gwiwarka ta taɓa ƙasa, an kashe ka. Kalmar ke nan, kisa. Wato abin da su suka mayar darasin farko, mu a wurinmu shi ne ƙarshen zance, har a yi maka waƙa a kai. Ku tuna Ɗan'anace da Shago, wannan jarumta ce da ba mai raina ta.

Ni ban ce nasu ya fi namu ba, kar a kai ni gaba. Abin da suka fi mu shi ne sun gina wa abinsu ɗaki. Tun 1882 Jigoro Kano (eh, sunansa ke nan, ba Bakano ba ne) ya kafa makarantar judo, ya cire dabaru masu kisa daga wasan, ya tsara matakai, har ta shiga gasar Olamfik a 1964. Mu kuwa yaro a fili yake koyo, da haƙoransa yake biyan kuɗin makaranta. Maƙwabtanmu na Nijar, da muke tsallaka musu ta Kongwalam, sun ɗan motsa: tun 1975 suke gasar kokawa ta ƙasa, wadda aka fara a Tahoua, zakara ya ɗauki takobi, jihohi na karɓar baƙunci bi da bi.

Me ya sa nake damuwa? Saboda ƙarfin da ke jikin yaro ɗan shekara 17 sai ya sami inda ya fita. In bai sami malami ba, zai sami uban daba, kuma mun ga yadda kauraye suka addabi unguwanni a jihar nan, mun ga yadda ake ɗibar su lokacin zaɓe. Mun taɓa neman aron ɗaki a wata makaranta, da yamma kawai, don wani tsohon ɗan kokawa ya riƙa koya wa yara. Aka ce mana za mu koya musu ta'addanci. Wata uku muna zarya, ƙarshe muka haƙura, muka koma fili muka zuba yashi. Yara takwas suka zo ranar farko, Baba ya jera su, ya ce kowa ya kwanta ya tashi sau ashirin kafin ya taɓa ɗan'uwansa.

A shiri na gaba shi za mu kawo muku, ku ji daga bakinsa. Mai tambaya ya ajiye a ƙasa. Sai mun haɗu.