Bayajidda (suna)

Bayajidda, ana kuma rubuta shi Bayajida, suna ne na jarumin da tarihin baka na Daura ya ce shi ne kakan sarakunan Hausa Bakwai. Masana sun yi saɓani a kan asalin sunan, kuma saɓanin ya shafi tambayar ko mutumin ya taɓa rayuwa ko kuwa almara ce.

Ma'ana

Akwai fassara biyu da suka fi shahara. Ta farko ta ce sunan ya fito ne daga "ba ya ji da", wato baƙon da a da ba ya jin harshen mutanen gari. Ta biyu ta ce Hausantar da sunan Larabci ne, Abu Yazid, wato uban Yazidu. Wannan suna ya taƙaita ya koma Bayazid a Farisa da Turkiyya, kamar yadda ake gani a sunan sufin nan Bayazid Bistami da na sarkin Daular Usmaniyya Bayezid na Ɗaya.

Sunan a cikin labari

Labarin ya ce Bayajidda ɗan Abdullahi ne, sarkin Bagadaza. Ya sauka a Borno ya auri 'yar sarki, wadda ta haifa masa Biram a Garun Gabas. Daga nan ya bi ta Gaya, inda maƙera suka ƙera masa wuƙa, sannan ya isa Daura ya kashe macijin rijiyar Kusugu mai suna Sarki, wanda ba ya barin a ɗebi ruwa sai ranar Juma'a. Saboda haka aka yi masa laƙabi da Makas-Sarki.

Sunayen 'ya'yansa ma suna ɗauke da ma'ana. Ƙwarƙwararsa Bagwariya ta sa wa ɗanta Karɓagari, ita kuwa Sarauniya Daurama ta sa wa nata Bawo, wanda ake fassarawa da "a dawo da shi", wato garin. Ana cewa 'ya'yan Bawo shida sun mulki Daura, Kano, Katsina, Zazzau, Gobir da Rano. Idan aka haɗa da Biram, sun cika bakwai.

Ra'ayoyin masana

H. R. Palmer, da W. K. R. Hallam a wata maƙala ta 1966, sun danganta sunan da Abu Yazid Makhlad ibn Kaidad, Babarbare ɗan Khawarijawa da ake kira "Mai Jaki". Ya yi wa Daular Faɗimiyya tawaye a ƙasar Tunisiya ta yau, ya rasu a 947 bayan Halifa al-Mansur ya ci shi da yaƙi. Tunda a Arewacin Afirka ya rasu, Hallam ya ce mabiyansa da suka tsere kudu ne suka zo da sunan. Lokacin bai yi nisa da 999 ba, shekarar da aka ƙiyasta Bagauda ɗan Bawo ya hau sarautar Kano.

Wasu masana, irin su Abdullahi Smith, suna ganin labarin bai isa hujjar kafuwar daulolin Hausa ba, domin garuruwan sun girme shi. A littafin Infakul Maisuri, Muhammadu Bello ya danganta sarakunan Hausa ne da Bawo, wanda ya ce bawan sarkin Borno ne.

A yau

Rijiyar Kusugu tana nan a Daura, Jihar Katsina, kuma baƙi suna ziyartarta. Masarautar Daura tana ɗaukar Bayajidda a matsayin tushen sarautarta.