Mikron gitar bas: yadda ake ƙera shi da abin da ke bambanta muryoyinsa

Mikro shi ne sunan da makaɗan Yamai suka aro daga Faransanci suke kiran ƴar na'urar da ke kwance ƙarƙashin tsirkiyoyin gitar bas mai aiki da lantarki. Sunansu ɗaya da abin maganar da mawaƙi ke riƙewa a hannu, amma aikinsu daban: na mawaƙi motsin iska yake ɗauka, na gitar kuwa motsin ƙarfe. Gitar bas ba ta da ƙoƙon da ke ƙara wa molo ko gurmi amo, jikinta katako ne zalla. Saboda haka duk abin da jama'a ke ji daga ampli ta cikin mikro ya biyo, kuma irin mikron da ke kan gitar na da babban tasiri a kan muryarta.

Yadda yake aiki

Tushen aikin shi ne abin da masanin Ingila Michael Faraday ya gano a 1831: idan ƙarfin maganaɗisu ya sauya kusa da naɗin waya, lantarki na gudana a cikin wayar. Maganaɗisun da ke cikin mikro yana jan tsirkiyar ƙarfe da ke bisansa. Da an kaɗa tsirkiyar sai ƙarfin jan ya riƙa rawa tare da ita, naɗin waya ya mayar da rawar ƴar ƙaramar wuta, ampli ya kumbura ta. A farkon shekarun 1930 George Beauchamp ya yi amfani da wannan dabara a kan gitar a birnin Los Angeles na Amurka.

Bas ta yau da kullum tana da tsirkiya 4: Mi, La, Re da Sol. Mafi kauri, wato Mi, tana kaɗawa kusan sau 41 a sakan ɗaya, Sol kuma sau 98. Dole tsirkiyar ta kasance ƙarfen da maganaɗisu ke kamawa. Shi ya sa wannan mikro ba ya jin goge mai tsirkiyar gashin doki, ko molon da aka ɗaura wa zaren roba.

Abin da ke cikinsa

Abu uku ne ginshiƙi. Na farko maganaɗisu: ko alniko, haɗin ƙarfe da alminiyom da nikel da kobalt, ko seramik mai araha, ko neodimiyom mai tsananin ƙarfi. Na biyu wayar jan ƙarfe da aka shafe da fenti mai hana wuta tsallakawa, kaurinta kusan milimita 0,06, kamar silin gashi. Na uku ƴar ƙwaryar roba ko fiba da ake naɗa wayar a kanta sau dubbai. Bayan naɗi, yawancin masu ƙira suna tsoma shi cikin narkakken kaki domin wayar ta daskare wuri ɗaya. Naɗin da ya yi sako-sako shi ne ke sa gitar kururuwa idan an ɗaga ampli.

Manyan ire-irensa

Irin Precision. Kamfanin Leo Fender ya fitar da Precision Bass a 1951 da naɗi ɗaya. A 1957 aka raba shi gida biyu, kowane rabi yana kula da tsirkiya biyu. Muryarsa cikakkiya ce, mai nauyi a tsakiya, tana zama daram a ƙarƙashin sauran kayan kiɗa.

Irin Jazz. Jazz Bass ta fito a 1960 da siraran mikro biyu, ɗaya ta wajen wuya, ɗaya kusa da jaki, wato abin da tsirkiyoyi ke hawa a kai. Muryarsa ta fi fita sarai, kuma makaɗi na iya cakuɗa biyun yadda ya so.

Mai tagwayen naɗi, wanda ake kira hambaka. Seth Lover ne ya ƙera wa kamfanin Gibson shi a tsakiyar shekarun 1950. Ya fi faɗi, ya fi ƙarfi, kuma an yi shi ne domin kashe ƙugi. Music Man StingRay ta 1976 ta ɗora babban hambaka kusa da jaki, ta haɗa shi da ƙaramin ampli na cikin jiki mai cin batir na volt 9.

Mai batir. Kamfanoni irin su EMG suna rage yawan naɗi, su saka ƙaramin ampli a cikin mikron kansa. Muryar na fita tsaf, ƙugi kaɗan, amma ranar da batir ya mutu gitar ta yi shiru.

Fiyezo. Wannan ba ruwansa da maganaɗisu. Wani dutse ne ko seramik da ke ba da wuta idan an matsa shi, abin da Pierre da Jacques Curie suka gano a Faransa a 1880. A ƙarƙashin jaki ake sa shi, kuma shi ne ya dace da kayan kiɗan gargajiya.

Abin da ke sauya murya

Wurin da aka kafa mikro ya fi komai tasiri. Ta wajen wuya tsirkiya na lilo da faɗi, sai murya ta yi kauri da taushi. Kusa da jaki lilon kaɗan ne, sai ta yi siriri da kaifi. Yawan naɗi shi ne na biyu: ƙarin naɗi na ƙara ƙarfi amma yana dusashe kaifi. Na uku yadda aka haɗa naɗi biyu: idan wuta ta bi ɗaya sannan ta shiga ɗayan, murya na yin kauri da ƙarfi, idan ta bi su kafaɗa da kafaɗa, tana yin haske. Idan aka buɗe mikro biyun Jazz gaba ɗaya, tsakiyar murya na raguwa, ƙasa da sama su fito.

Tazara ma na da nata. Ana barin kimanin milimita 2 zuwa 3 tsakanin mikro da tsirkiya idan an danne ta a ƙarshen wuya. Ya yi kusa da yawa, maganaɗisu ya riƙe tsirkiyar, amon ya mutu da wuri. Ya yi nisa, murya ta yi rauni. Ko doguwar wayar da ke zuwa ampli tana shanye kaifin mikro marar batir.

Ƙugi da wutar Nijar

Naɗin waya ba tsirkiya kaɗai yake ji ba, yana kwasar duk lantarkin da ke yawo kusa da shi: na taransifoma, na fanka, na fitilu. Wutar Nijar mai volt 220 tana juyawa sau 50 a sakan, yayin da ta Amurka, inda aka ƙera waɗannan gitoci, ke juyawa sau 60. Sol ɗin da ake samu a gaɓa ta 3 ta tsirkiyar Mi tana kaɗawa sau 49. Wato ƙugin wutar Yamai yana zaune ne a tsakiyar gonar bas, dab da wata murya da makaɗi ke yawan taɓawa, kuma ba a iya yanke shi a ampli ba tare da an yanke wani abu na kiɗan ba.

Maganin yana cikin ƙirar mikron. A Precision na bayan 1957 da kuma hambaka, naɗin biyu suna juya wa juna baya, maganaɗisunsu ma haka. Sautin tsirkiya yana haɗuwa, ƙugin da ya shigo daga waje kuma ɗaya ya kashe ɗaya. Irin Jazz yana samun wannan kariya ne kawai idan mikro biyun suna buɗe daidai wa daida. Ga makaɗin da ke yawon bukukuwa, inda akan ja wuta daga gurup ko daga soket marar wayar ƙasa, wannan bambanci shi ne tsakanin kiɗa mai tsabta da daren da ƙugi ya cinye.

Bas a kiɗan Yamai

Ƙungiyar Mamar Kassey, wadda Yacouba Moumouni ya jagoranci kafawa a 1995 bayan zamansa a cibiyar horar da makaɗa ta CFPM Elhadji Taya, ta haɗa bas da molo da kalangu da ƙwarya da sarewa. Tal National, da Hamadal Issoufou Moumine wanda aka fi sani da Almeida ya kafa a 2000, tana gudu da gitoci da ganguna da kalangu, kuma kundinta Kaani na 2013 ya kai sunanta ƙasashen waje. A irin wannan haɗi, dukan ƙwarya ko babbar ganga ya riga ya mamaye can ƙasa. Bas ɗin da ba ta da komai sai nauyi takan nutse a cikinsu. Wadda mikronta ke fitar da tsakiyar murya ita ake ji tana tafiya.

Kulawa da gyara

Ƙurar hunturu da ɓarɓashin ƙarfe na manne wa maganaɗisu, gumi kuma na sa shi tsatsa. Busasshen ƙyalle bayan kowane wasa ya wadatar. A zafin Afrilu da Mayu, lokacin da Yamai ke wuce digiri 40, gitar da aka bari a rufaffiyar mota na iya yin zafin da zai sassauta kakin naɗi. Mai gitar batir ya zare waya idan ya gama, domin muddin tana soke batir na ci.

Idan mikro ya yi shiru, a fara duba soket da maɓallan juyi da wuraren da aka yi like da dalma, domin nan matsala ta fi faruwa. A ƙwanƙwasa maganaɗisun a hankali da sukundireba: in ampli ya amsa, naɗin na da rai. Na'urar awon lantarki takan nuna kilo-om 6 zuwa 12 a mikro irin Precision ko Jazz mai lafiya. In ba ta nuna komai ba, wayar ta tsinke a ciki. Ana iya sake naɗi, amma da waya mai kauri ɗaya da ta asali kuma da adadin naɗi ɗaya. Wayar da masu naɗin fanka da injin ruwa ke aiki da ita ta yi kauri, ba za ta ba da wannan murya ba.