Haɗin gwiwar gwamnati da ƴan kasuwa: yaya ake auna ɗorewarsa?

Haɗin gwiwar da ake kira PPP kwantaragi ne tsakanin gwamnati ko komin da wani kamfani: kamfanin ya gina aikin jama'a ko ya tafiyar da shi na wasu shekaru, ya maida kuɗinsa daga abin da masu amfani ke biya. A Nijar, doka mai lamba 2018-40 ta ranar 5 ga Yuni 2018 ce ta tsara shi.

Babban misali shi ne ruwan birane. Daga 2001, SPEN ta gwamnati ke riƙe da kayan aiki, SEEN, wadda Veolia ta Faransa ke da kaso mafi tsoka a ciki, ke rarraba ruwa da karɓar kuɗi. Kwantaragin ya ƙare a ƙarshen 2023, aikin ya koma hannun kamfanin ƙasa, NDE.

A karkara, kamar komin ɗin Gabi da ke Madarunfa, dokar ruwa ta 2010 ta buɗe wa komin hanyar damƙa rijiyar burtsatse da shato ga ɗan kasuwa. Inda injin ke aiki da hasken rana, an huta da sayen gazuwal.

Tambayoyi huɗu ake yi wajen awo. Shin ana ware kuɗin sauya fanfo da faranti, kuma wa ke sa hannu a asusun? Talaka na iya biyan kuɗin jarka, ko ya koma shan gulbi? Ruwan da ake zuƙa ya fi wanda damina ke mayarwa? Idan wa'adi ya cika, a wane hali za a miƙa kayan?

Gabi na da darasi kusa da gida. Dajin Baban Rafi, da ke ciyar da Maradi da itacen girki, yana cikin wuraren da aka kafa kasuwannin itace na karkara bisa dokar 1992: mazauna ke sara gwargwadon adadin shekara, a raba haraji tsakaninsu da ƙaramar hukuma da baitulmali. Tsarin na tsayawa ne kan sa ido. Yau ƴan bindiga sun hana shiga sassan dajin, kuma abin da ba a iya zuwa a duba ba ya aunuwa.