Sassaucin gaɓɓai da sikanin kwatangwalo ga mata 'yan wasa

Sassaucin gaɓɓai shi ne gaɓa ta riƙa lanƙwasuwa fiye da kima saboda jijiyoyin da ke ɗaure ta sun yi laushi. An fi samunsa ga mata, kuma sau da yawa gado ne. Batun ya shafi 'yan ƙwallon Sudan, inda aka buɗe gasar lig ta mata ta farko a filin wasa na Khartum ranar 30 ga Satumba 2019, da kulob 21.

Likita kan fara da ma'aunin Beighton mai maki 9. Yana duba ƙananan yatsu, manyan yatsu, gwiwar hannu, gwiwar ƙafa, da dafa ƙasa da tafin hannu ba a durƙusa ba. Maki 5 zuwa sama ga baliga alama ce. Sai dai ma'aunin ba ya auna kwatangwalo kai tsaye.

Nan sikanin ke shigowa. Ana ɗora na'urar a gaban makwankwaso, a miƙe ƙafa baya, a auna milimita nawa kan ƙashin cinya ke zamewa gaba daga gurbinsa. Ba zafi, kuma ya fi MRI arha, amma MRI ya fi shi nuna yagewar guringuntsin bakin gurbin.

Sassauci kaɗai ba cuta ba ne. Idan akwai ciwon makwankwaso ko ƙafa tana sakewa a guje, ana farawa da motsa jikin ƙarfafa tsokar ɗuwawu da ciki, fannin da Jami'ar mata ta Ahfad a Omdurman ke koyarwa.